Daga Dogari Zuwa Kurtu: Tarihin Hanyar da Ke Kai Mutum Gaban Alƙali

Duk kurtun da aka ɗauka aikin ɗan sanda, ko a kwalejin Kaduna ya yi horo ko a ta Maiduguri, bayan gudun asuba da fareti akwai ajin da za a zaunar da shi a koya masa kalmomi. Za a nuna masa bambancin wanda ake zargi da wanda ake tuhuma, da bambancin sammaci da waranti, da abin da ya raba sallamar mutum da wanke shi. Yawancinmu da ke waje ba mu damu da waɗannan kalmomi ba sai ranar da aka kama ɗan'uwanmu. A ranar ne muke gane cewa kalma ɗaya a takarda tana iya sa mutum ya kwana a ɗakinsa, wata kuma ta sa ya shekara a gidan yari yana jiran shari'a.

Idan muka kasa kunne, kalmomin kansu suna ba da tarihi. Ƙara da doka namu ne na gado. Alƙali, shari'a, shaida, hukunci, tuhuma da iƙirari daga Larabci suka zo tare da malamai da littattafansu. Kotu, beli, sammaci, caji, waranti, lauya da majistare kuwa Turanci ne da bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Kowane rukuni ya shigo a zamaninsa, kuma babu wanda ya kori na gabansa gaba ɗaya. Shi ya sa a yau ɗan sanda zai kai wanda ake tuhuma kotu, alƙali ya ba da beli, kuma babu wanda zai ji an gauraya masa harshe.

Zamanin alƙali da dogari

Kafin zuwan Turawa, a ƙasashen Daular Usmaniyya da Borno, shari'ar laifi tana hannun alƙalai da majalisar sarki, kuma mazhabar Malikiyya ake bi. Littattafan da alƙali ke dogara da su sun haɗa da Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim wadda ta fi mayar da hankali ga yadda ake gudanar da zaman shari'a. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano domin shiryar da masu mulki da masu hukunci.

A wannan tsari babu ɗan sanda mai gabatar da ƙara. Wanda aka cuta, ko magadan wanda aka kashe, su ne ke kai kukansu. Nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Ba kowa ake karɓar shaidarsa ba, sai an tabbatar da adalcinsa, kuma wanda ake ƙara yana da damar sukar mai shaidar. Kafin alƙali ya yanke hukunci akwai i'izari, wato a tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko magana. A shari'ar kisa magada ne ke da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafiya. Dogari shi ne hannun sarki: shi ke kamowa, shi ke tsarewa, shi ke kai mutum wurin Yari, wanda daga sarautarsa muka samu sunan gidan yari.

Ba za mu ce zamanin ya kuɓuta daga zalunci ba. Majalisar sarki tana da faɗin iko na siyasa da ta'aziri, kuma talakan da ya faɗa hannun mai ƙarfi ba kullum littafi ke cetonsa ba. Amma ƙa'idar cewa ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa tana nan a rubuce tun kafin Bature ya sauka a Lakwaja.

Dokoki biyu a ƙasa ɗaya

Da Lugga ya kafa mulkin Turawa a Arewa a 1900, ya ci Kano da Sakkwato a 1903, bai rushe kotunan alƙalai ba. Ya bar su suna hukunci, amma ya hana yanke gaɓa da azabtarwa, ya sa hukuncin kisa ba ya tabbata sai Gwamna ya amince, ya kuma bai wa Razdan da Di'o ikon duba littafin alƙali su sauya hukunci. A gefe guda, a 1904 aka kafa wata dokar laifuffuka ta kotunan Turawa, wadda aka kwaikwayo daga dokar jihar Kwinsland ta Ostareliya ta 1899. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka shimfiɗa ta a duk Nijeriya a 1916.

Masu kamen ma iri biyu ne. Akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda asalinsu ya koma Legas ta shekarun 1860, lokacin da Turawa suka fara ɗaukar Hausawa aikin tsaro a rundunar da ake dangantawa da John Glover. A 1930 aka haɗe rundunar Kudu da ta Arewa ta zama Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya. Sannan akwai 'yan doka na En'e, waɗanda aka fitar daga cikin tsarin dogarai aka ba su kaki da horo, suna ƙarƙashin sarki. Muƙamin shugabansu ba ƙarami ba ne: Alhaji Ado Bayero ya riƙe Wakilin Doka na Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya hau gadon sarauta a 1963.

Sakamakon wannan rabuwa shi ne, laifi ɗaya yana iya samun hukunci biyu, gwargwadon kotun da aka kai mutum. Abin ya fito fili a 1947 a shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa saboda kisan ganganci. A dokar Turawa kuwa, wanda ya yi kisa cikin zafin tunzurawa ba a kashe shi, ɗauri ake yi masa, alhali a Malikiyya tunzurawa ba ta sauke ƙisasi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan. Sarakuna da alƙalai suka ga an taɓa tushen ikonsu, aka yi ta gyaran doka a 1948 da 1951 da 1956, amma ɓarakar ba ta ɗinku ba.

Siyasa ta ƙara wa wutar fetur. A shekarun 1950 'yan NEPU sun sha kokawa cewa ana amfani da 'yan doka da kotunan alƙalai ana ɗaure su kan laifuffukan da ba a rubuta iyakarsu a ko'ina ba, kamar zagin sarki ko taro ba izini, kuma ba a barin lauya ya shiga kotun alƙali. Waɗanda ba Musulmi ba su ma sun kai kukansu gaban hukumar Willink, wadda ta zagaya tana sauraren fargabar ƙananan ƙabilu ta fitar da rahotonta a 1958.

Masana shida a Kaduna

Mulkin kai na ƙaratowa, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta ga dole a warware wannan ƙulli. Ta aika wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi masu jama'a iri-iri suke tafiyar da shari'ar laifi. A 1958 ta kira kwamitin masana shida. Shugabansa shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Sauran su ne Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, da Farfesa J.N.D. Anderson daga Landan, da 'yan ƙasa uku: Shettima Kashim Wazirin Borno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida.

Shawararsu ita ce a yi kundin laifuffuka ɗaya da kundin tsarin shari'a ɗaya waɗanda za su hau kan kowa a kowace kotu, a bar shari'ar Musulunci da cikakken ikonta a kan aure da gado da makamantansu. Samfurin da suka zaɓa na Sudan ne. Dokar Sudan kuwa, wadda aka fara a 1899 aka sabunta a 1925, 'yar dokar Indiya ce ta 1860, wadda hukumar Lord Macaulay ta tsara. Hujjar zaɓin ita ce an daɗe ana aiki da wannan doka a tsakanin Musulmi. Kafin a kai daftarin majalisa, kwamitin malamai ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Malam Junaidu ya bi shi sashe-sashe. Daga irin wannan tattaunawa aka bar wasu abubuwa da babu su a dokar Kudu, kamar laifin zina, da laifin shan giya ga Musulmi, da bulalar haddi.

An zartar da kundin laifuffukan a 1959, shekarar da Arewa ta samu mulkin kai, na tsarin shari'a kuma a 1960. Dukansu suka fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, jajibirin 'yancin kai. Wannan shi ne abin da iyayenmu suka kira Final Kod. Tun daga ranar, kisan kai mai hukuncin kisa ya zama sashe na 221, sata 286 da 287, cin amana 311 da 312, damfara 320 zuwa 322, haɗa baki kuma 96 da 97. Lambar nan 419 da ta zama sunan 'yan damfara a bakin kowa daga dokar Kudu ta fito. A kotun Kano ko Sakkwato ba da ita ake tuhumar kowa a ƙarƙashin Final Kod ba.

Aikin da ya biyo baya shi ne koyarwa. Alƙalan da suka yi karatu a zaure, ko a Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, sai da aka riƙa kai su Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya suna koyon sabon kundi. Da yake an san sauyin ba zai zauna a rana ɗaya ba, sashe na 386 ya ce kotunan alƙalai su ɗauki kundin tsarin shari'a a matsayin jagora, ba a ɗaure su da kowane harafinsa kamar yadda aka ɗaure majistare ba.

Takardar da ta zo daga Indiya

A nan ne aikin ɗan sanda ya sauya. Kundin 1960 ya kawo takardar da ake kira rahoton farko, wadda lauyoyi da 'yan sanda ke taƙaitawa da F.I.R. A Indiya ita ce bayanin farko da ake rubutawa a caji ofis idan an kawo labarin laifi. A Arewa ta zama takardar da ke raka mutum zuwa kotu. A Kudu ɗan sanda ne ke rubuta caji ya kai wa majistare. A tsarin Arewa kuwa rahoto yake kaiwa, kotu ce ke tsara caji.

Ga yadda hanyar take a wancan kundi. A karanta wa mutum rahoton cikin harshen da yake ji, a tambaye shi ko yana da dalilin da zai hana a hukunta shi. Idan ya amsa laifin, kotu na iya yanke hukunci nan take. Idan ya musa, mai gabatar da ƙara ya kawo shaidunsa, wanda ake zargi ya yi musu tambayoyi. In kotu ta ga babu abin kamawa, sai ta sallame shi. In ta ga akwai, sai ta rubuta caji ta karanta masa, ya kare kansa ya kawo nasa shaidun. Daga nan sai hukunci, sai roƙon sassauci idan an same shi da laifi, sai damar ɗaukaka ƙara. Kundin ya kuma bar wata tsohuwar ƙofa a buɗe: mutum na iya kai ƙarar laifi kai tsaye gaban kotu ba tare da ya bi ta caji ofis ba.

Kalmomin da kurtu ke haddacewa a kan wannan hanya suke rataye. Wanda ake zargi shi ne wanda ake bincike a kansa, ba ya zama wanda ake tuhuma sai maganarsa ta shiga kotu, ba ya zama mai laifi sai an yanke hukunci. Sammaci kira ne mutum ya zo da ƙafarsa, waranti umarni ne a kamo shi ko a bincike wuri. Beli ba sakin ƙarshe ba ne, alkawari ne cewa mutum zai dawo ranar da aka sa, da mai tsaya masa ko babu. Wanda aka sallama kawai ana iya sake kawo shi idan sabuwar hujja ta fito. Wanda aka wanke bayan an ji shari'a kuwa ba a sake tuhumarsa kan laifin nan.

Ƙarshen 'yan doka

Juyin mulkin 1966 ya ƙarasa abin da 1960 ta fara. Kwamitin da Yusuf Gobir ya shugabanta ya ba da shawarar a haɗe 'yan doka da gidajen yarin En'e da na tarayya, kuma cikin 'yan shekaru aka narkar da su cikin rundunar ƙasa. Dokar kotunan yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta rufe kotunan sarakuna, ta cire alƙalai daga hannun En'e ta mayar da su ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. Lauya kuwa bai samu shiga gaban alƙali a shari'ar laifi ba sai bayan tsarin mulkin 1979.

Daga nan muka gaji wani tsari mai wuyar sha'ani wanda har gobe muke cikinsa. Ɗan sanda na tarayya ne, ana iya ɗauko shi daga kowace kusurwar ƙasa. Dokar da zai yi aiki da ita a yawancin laifuffuka ta jiha ce, kotun ma ta jiha ce, gidan yarin kuma ya daɗe a hannun tarayya. Kurtun da ya tashi da dokar Kudu a kunnensa, idan aka turo shi Katsina sai ya sake koyon lambobi.

Lokacin da tsari ya ceci rai

A watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara, ta fara aiki a Janairun 2000, kuma jihohi goma sha biyu, har da Zamfara, suka bi wannan hanya. Kundayen laifuffuka sun sauya, amma kundayen tsarin shari'ar da aka yi wa sababbin kotunan sun ɗauko mafi yawan gininsu daga na 1960. Shari'o'i biyu da duniya ta sa wa ido sun nuna nauyin wannan ɓangare.

A 2001 wata kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jefewa. A Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta soke shi, kuma cikin dalilanta akwai cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki, sannan ba a yi mata cikakken bayanin laifin ba. A Satumba 2003 takwararta ta Katsina ta soke hukuncin da kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal. Cikin dalilan akwai cewa alƙali ɗaya ne ya zauna alhali doka ta ce uku, kuma tana da haƙƙin janye iƙirarinta. Alƙalan Musulunci ne suka yanke waɗannan hukunce-hukunce, da hujjojin Malikiyya da na rubutacciyar doka. Abin da wasu ke rainawa da sunan ƙa'idar takarda shi ne ya tsaya tsakanin matan nan biyu da mutuwa.

Inda muke yau

Tsarin mulkin 1999 ya tattara manyan ƙa'idojin a sashe na 35 da na 36. Wanda aka kama yana da damar yin shiru har ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace, sai dai a laifin da hukuncinsa kisa ne. Ana ɗaukarsa marar laifi har a tabbatar, a ba shi tafinta kyauta, kuma ba a hukunta shi sai kan laifin da ke rubuce a doka.

A 2015 gwamnatin tarayya ta yi sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuffuka, jihohi kuma suka yi nasu a kan samfurinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓanin ciniki kawai, ta ce mace na iya tsaya wa mutum beli, ta ɗora wa majistare ziyarar caji ofis duk wata, ta kuma sa wa'adin kwana 14 ga umarnin tsarewa kafin a sake dubawa. Dokar shaida ta 2011 ta ce iƙirarin da aka samo da azaba ba ya karɓuwa, dokar 2017 kuma ta mayar da azabtarwar kanta laifi. Indiya, inda tushen kundinmu ya fito, ta ajiye dokar 1860 a watan Yulin 2024 ta sa sabuwa.

Duk da haka, wajen biyu cikin kowane mutum uku da ke gidajen gyaran hali na Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba. Hanyar da ke kai da yawansu can sananniya ce. A kai mutum gaban majistare da rahoton farko na fashi ko kisa, laifin da majistare ba shi da hurumin ji. Ya ba da umarnin a tsare shi har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara. Kundin bincike ya maƙale a caji ofis, ko a sauya wa ɗan sandan da ya yi binciken wurin aiki, shaidu su gaji da zuwa, a yi ta ɗage zama. Hausawa na cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Wannan kuwa cikin ne da ba ya zuwa haihuwa.

Mafi yawan abin da ke lalata shari'a, ko ya gyara ta, yana faruwa ne a kwanan farko, a hannun ƙaramin ma'aikaci. Shi ke rubuta lokacin da aka kama mutum, da kayan da aka samu a jikinsa, da bayaninsa, da harshen da ya yi magana, da sunan wanda ya fassara. Idan ya rubuta sashen da bai dace ba, marar laifi na iya rasa beli. Idan ya tsallake ƙa'ida wajen ɗaukar bayani, mai laifi na iya kuɓuta a kotun sama bayan shekaru, wanda aka cuta ya tashi a tutar babu. Dogarin da ya kamo mutum a zamanin da, sarki yake yi wa bayani. Kurtun yau kuwa zai tsaya a akwatin shaida ya rantse, lauya ya bi rubutunsa layi-layi.

Mu ma da ba mu sa kaki ba, sanin kalmomin nan ya zame mana wajibi. Uwar da ta san doka ta hana a riƙe ta a madadin ɗanta, da ɗan kasuwar da ya san bashi ba laifin caji ofis ba ne, da dangin da suka san su tambayi wace kotu ke da hurumi da ranar da wa'adin tsarewa zai cika, sun fi wuyar cuta. An shafe fiye da shekara ɗari, daga dokokin Lugga zuwa na 2019, ana rubuta waɗannan ƙa'idoji ana gogewa ana sake rubutawa, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka isa kunnen jama'a da Hausa. Wannan aikin yana jiran malamai da marubuta da gidajen rediyonmu.